Latin a Aji, Hausa a Bagadi

 Wani zai ce batun yau ya yi nisa da Bauchi, domin harshen Latin ba a ciniki da shi a kasuwar Wunti, ba a shari'a da shi, babu kuma uwar da take rarrashin ɗanta da shi a ko'ina a duniya. Duk da haka akwai dubban mutane a garin nan da kewayensa waɗanda addu'ar da suke yi kowace Lahadi daga wannan harshe aka ɗebo ta. Cocin Katolika na Bauchi, wanda aka yanko daga Jos a 1996 ya kuma zama cikakkiyar dayosis a 2003 ƙarƙashin Bishop John Moore, reshe ne na cocin da har gobe littafin ibadarsa na asali da kundin dokokinsa da Latin aka rubuta su. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne cewa matsayin Latin a wurinmu yana cikin aji, a hannun mutane kaɗan da za su ƙware a kansa ƙwarewa ta gaske, kuma dalilin koyonsa shi ne Hausar da ake ibada da ita ta inganta. Wanda yake son a mayar da dukan ibada cikin Latin ya yi kuskure, haka ma wanda yake son a kore shi daga makaranta gaba ɗaya, kuma a ganina kuskuren na biyu ya fi yi wa Hausa illa.

Mu fara da tarihi, domin yawancin gardamar da ake yi kan wannan batu rashin sanin tarihi ne ke rura ta. Kiristocin farko na birnin Rum da Girkanci suke ibada. Da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, har wasiƙar da Manzo Bulus ya aika wa mutanen Rum ɗin kansu. Latin ya shigo coci ne ta ƙofar talakawa, saboda shi ne harshen da 'yan kasuwa da sojoji da manoma suke ji, kuma a nahiyarmu ta Afirka ya fara kafuwa. Rubutun Kirista mafi tsufa da aka sani da Latin mai ɗauke da kwanan wata shi ne bayanin shari'ar da aka yi wa wasu Kiristoci a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, a shekara ta 180. Tatuliyan da Sifiriyan, manyan marubutan Latin na farko a coci, mutanen Kartaj ne. Agustin, wanda aka haifa a 354 ya rasu a 430, ɗan ƙasar da ake kira Aljeriya ne yanzu, kuma garin Hippo da ya yi bishop a cikinsa shi ne Annaba ta yau. Sai a ƙarni na huɗu, wajejen zamanin Paparoma Damasus, ibadar birnin Rum ta gama komawa Latin, kuma shi ne ya sa Jerom aikin gyara fassarar Littafi Mai Tsarki a 382. Ke nan ranar da Latin ya hau bagadi ya hau ne da hujjar da Hausa ta hau da ita daga baya, wato mutane su ji abin da ake faɗa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ke samun kowane harshe. Bakin jama'a ya ci gaba da sauyawa har ya haifi Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da Fotugis, littafin ibada kuwa ya tsaya inda yake. A 813 wani taron bishop-bishop a garin Tur na Faransa ya umarci a riƙa yin wa'azi da harshen da mutanen karkara suke ji, alamar cewa tun a lokacin tazara ta buɗe. Bayan babban taron coci na Tirent, Paparoma Piyus na Biyar ya fitar da littafin ibada guda a 1570, kuma kusan shi ne wanda fadannin ƙungiyar mishan ta SMA suka shigo da shi Shendam a 1907, lokacin da suka kafa tasharsu a can. Mu tsaya mu dubi yadda ibadar take a wancan zamani. Fada yana fuskantar bagadi, jama'a suna bayansa. Addu'o'i mafi girma yana yin su ne da murya ƙasa-ƙasa. Yaron da ke taimaka masa ya haddace amsoshin ba tare da ya san ma'anar rabinsu ba, yana kaɗa ƙararrawa domin mutane su san an kai wuri mai muhimmanci. Tsohuwar da ta yi tafiyar mil biyar a ƙafa tana durƙushe tana jan carbinta da harshenta. Babu mai shakkar ibadar wannan tsohuwa, amma ilimin addinin da ta samu daga bakin katikis ta same shi, da Hausa ko da harshen garinsu, a ƙarƙashin bishiya bayan an tashi.

Babban taron Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe ƙofa. Mutane da yawa suna zaton taron ya soke Latin, alhali takardar da ya zartar kan ibada ranar 4 ga Disamba 1963 ta ce a ci gaba da riƙe shi, ta kuma ba da izinin faɗaɗa amfani da harsunan jama'a, tare da neman a koya wa masu ibada rera wasu sassa na ibadar Mas da Latin tare. Cikin 'yan shekaru kaɗan izinin ya mamaye ko'ina, domin buƙatar ta daɗe tana jira. A Arewa abin da ya biyo baya kowa ya gani da idonsa. Waƙoƙin Hausa sun cika majami'u, ganga da tulu da caki sun shigo, Zumuntar Mata ta zama ginshiƙin kowace majami'a, kuma matar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya ɗaukar wani sashe na ibada da muryarta. Wannan riba ce da babu wanda ya kamata ya taɓa ta.

To, ina Latin ya shigo kuma? Ya shigo ta wajen tambayar da ba kasafai ake yi ba: Hausar da Fada yake karantawa a bagadi, daga ina aka fassaro ta? Kowace addu'a a littafin Mas tana da asali guda na Latin wanda Vatikan take bugawa, sauran duk fassara ne, har da na Turanci. Idan mai fassara bai iya Latin ba, ba shi da zaɓi sai ya ɗauko daga Turanci, ya zama yana ɗiban ruwa daga tulun maƙwabci alhali rijiyar tana nan, kuma duk abin da ya faɗa cikin tulun shi ma zai sha. Wannan ba zato ba ne. Fassarar Turanci da aka yi amfani da ita daga farkon shekarun 1970 ta taƙaita addu'o'i da yawa, ta datse dogayen jimloli, ta zubar da kalmomin ƙanƙan da kai da na girmamawa saboda kunnen Bature na wancan lokaci yana jin sun yi nauyi. A cikin kalmomin da ake faɗa a kan ƙoƙo, inda Latin ya ce saboda mutane da yawa, Turancin ya ce saboda kowa, har sai da Vatikan ta umarci a gyara a 2006. A ƙarshen 2011 aka fara aiki da sabuwar fassarar Turanci a ƙasashe da dama. Duk harshen da ya jingina da tsohuwar fassarar ya gaji gurguntakarta, ya kuma wayi gari tushen da ya dogara da shi ya sauya. Tun a 2001 takardar Liturgiam authenticam ta ce a riƙa fassarowa kai tsaye daga Latin, sannan a 2017 Paparoma Faransis, ta takardar Magnum principium, ya ƙara wa majalisun bishop-bishop na kowace ƙasa iko da alhaki kan fassarar harsunansu. Alhakin ya dawo gida, kuma ba a ɗaukar irinsa sai da mutanen da suka san harsunan biyu ciki da waje.

Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne cewa abin da Turanci ya zubar, Hausa tana da wurin ajiye shi. Addu'ar Latin takan fara da kiran Ubangiji, ta jero siffofinsa da abin da ya yi, sannan ta kawo roƙo cikin ladabi, duk a jimla guda mai tsawo. Bahaushe bai san wata hanyar roƙo ba sai wannan. Wanda ya taɓa jin yadda ake gaisuwa a fada, ko yadda dattijo yake addu'a a wurin ɗaurin aure, ya san cewa ba a faɗa wa babba buƙata kai tsaye sai an gabatar da yabo da ƙanƙan da kai. Idan aka bi ta Turancin da ya riga ya datse jimlar, sai Hausar ta fito a gajarce, ta rasa armashinta, a kuma ɗora wa harshenmu laifin da ba nasa ba. Akwai kuma batun iyaka. Katolikan Maraɗi da Damagaram da Hausa suke ibada kamar na Bauchi da Kano da Sakkwato, amma harshen bokonsu Faransanci ne. Idan na nan ya bi Turanci na can ya bi Faransanci, mutanen da harshe ɗaya ya haɗa za su rabu a addu'a ɗaya. Wurin da mai fassara na Maraɗi da na Bauchi za su haɗu su zauna daidai wa daida shi ne rubutun Latin.

Yanzu bari in juya ga masu cewa a mayar da ibada Latin. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce haɗin kai, kuma ba hujjar banza ba ce. Ku shiga babbar majami'ar Yohanna Mai Bishara a nan Bauchi za ku sami Basayi da Bajari da Ba'angashe da Tibi da Ibo da Bayarabe, kowa da harshen gidansu. Suna cewa harshen da ba na kowa ba shi ne ba zai fifita kowa ba. Wasunsu ma sukan nuna 'yan'uwansu Musulmi su ce ga shi ana salla da Larabci daga Bauchi har Jakarta, ba wanda ya ce an zalunce shi. Amsar wannan tana da sassa biyu. Na farko, matsayin harsunan biyu ba ɗaya ba ne a wajen masu su. A wajen Musulmi da Larabci aka saukar da Alƙur'ani, lafazin kansa abin bauta da shi ne. Cocin Katolika bai taɓa cewa da Latin aka yi wahayi ba. Ibrananci da Aramiyanci da Girkanci su ne harsunan Littafi Mai Tsarki, kuma a cikin cocin kansa akwai Maroniyawan Labanon da ke ibada da Suryananci da Larabci, da Katolikan Habasha da ke yi da Gi'iz, duk suna tare da Paparoma. Na biyu, Larabcin salla yana tsaye ne a kan wani gini da aka yi ƙarnoni ana ɗorawa: makarantar allo a kowace unguwa, zauren malam da asuba da bayan la'asar, tafsiri da Hausa cikin azumi inda mai jan baƙi yake karantowa malam yana warwarewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba Malam Yakubu tutar da aka kafa garin nan da ita, ya rubuta littattafansa da Larabci, amma da Fulatanci da Hausa ya yi wa jama'a wa'azi, haka 'yarsa Nana Asma'u ta koyar da mata. Wanda yake son Latin a bagadi ba tare da irin wannan gini a ƙasansa ba yana neman mayar da mutane 'yan kallo ne. Abin da za a iya ba shi, kuma ya cancanta, shi ne abin da taron Vatikan ɗin ya nema: jama'a su iya rera wasu gajerun sassa da Latin a manyan bukukuwa, bayan an koya musu ma'anarsu. Batun tsohon tsarin Mas kuwa, wanda Paparoma Benedik na Goma Sha Shida ya sassauta a 2007 Paparoma Faransis kuma ya taƙaita a 2021, gardama ce da ta fi zafi a Turai da Amurka, kuma bai kamata mu aro ta mu manta da tamu ba.

Akwai ƙalubale na biyu da ya fi wannan kaifi, kuma daga cikin gida yake fitowa. Mutumin Bogoro ko Dass zai iya cewa: kana kare Hausa kamar ita ce harshen uwarmu, alhali mu ma aro muka yi, idan hujjarka ita ce mutum ya ji addu'a da harshen zuciyarsa, to Zaar da Jaranci fa? Gaskiya ya faɗa. Bambancin kawai shi ne Hausa harshe ne mai rai a bakinsa, da ita yake sayar da hatsinsa, da ita yake sauraron rediyo, abin da Latin bai taɓa zama masa ba. Amma hujjar tana kai mu inda yake so, wato waɗannan harsuna ma sun cancanci nasu littattafan ibada. Nan ma sai an koma ga asali, domin idan aka fassara Zaar daga Hausar da aka fassaro daga Turancin da aka fassaro daga Latin, abin da zai iso hannun mai ibada ya bi ta hannu uku, kowane hannu da abin da ya zubar.

Sai mu zo ga makaranta. A Kudu, Latin ya daɗe a aji. Makarantar CMS ta Legas da aka buɗe a 1859 ta koyar da shi, kuma Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta fara da sashen nazarin Latin da Girkanci tun 1948, sashen da yake nan har yau. A Arewa hanya dabam aka bi. Kwalejin Katsina, wadda ta horar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kafin ya dawo koyarwa a Midil ta Bauchi, ta fi ba da ƙarfi ga Turanci da lissafi da dabarun koyarwa, harshen zurfafa ilimi kuwa a wurinmu Larabci ne, wanda aka kafa masa makaranta a Kano a 1934. Latin a Arewa ya fi zama a makarantun horar da fadanni. Da jami'o'in Okisfod da Kambirij suka daina sharɗanta shi ga masu neman shiga wajen 1960, sai darajarsa ta fara faɗuwa a duk ƙasashen da suka bi tsarin Ingila, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta juya hankali ga kimiyya da sana'a. Ba na kukan wannan. Yaron sakandare a Ningi ko Misau da bai gama iya karatu da Hausa da Turanci ba, zalunci ne a ɗora masa Latin. Masu cewa lauya da likita suna buƙatarsa ma sun zuzuta abin. 'Yan kalmomin da ake ji a kotu, ko sunayen kimiyya na kuka da ɗorawa da kaɗanya, ana iya haddace su ba tare da nahawu ba.

Inda ya wajaba shi ne makarantar da ke horar da fadanni, kuma dokar coci ta 1983, a sashe na 249, ta ce ɗalibanta su iya Latin sosai. Tambayar ita ce wace irin iyawa. Darasin da za a yi don cin jarrabawa a manta bayan wata uku ɓata lokaci ne, gara a yi amfani da sa'o'in a wani abu. Abin da ake buƙata shi ne ɗalibin da za a ba shi addu'ar layi huɗu, ya nemo aikatau a ƙarshen jimla inda Latin yakan ajiye shi, ya dubi wutsiyar kowane suna ya gane wane ne mai yi, wa aka yi wa, da me aka yi, sannan ya ajiye alƙalami ya tambayi kansa yadda kakarsa za ta faɗi wannan roƙon. Abin sha'awa shi ne ƙasar nan ta san wannan horo tun kafin zuwan Bature. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ajurumiyya ya saba da cewa ƙarshen kalma yana sauyawa gwargwadon aikinta a jimla. Larabci yana da hali uku, Latin yana da shida, amma tunanin ɗaya ne. Malamin Latin a Jos ko Bauchi da zai zauna da malamin nahawu na zaure ya ga yadda yake warware i'irabi da Hausa zai ƙaru fiye da yadda yake zato, domin kalmomin koyar da irin wannan nahawu da Hausa suna nan a shirye, an daɗe ana aiki da su.

Wannan ya kai ni ga 'yan'uwa Musulmi da ke zauren nan, waɗanda za su iya cewa batun bai shafe su ba. Ya shafe su ta wajen tarihi. A Tulaiɗila ta Andalus, cikin ƙarni na goma sha biyu, aka mayar da littafin likitanci na Ibn Sina cikin Latin, jami'o'in Turai suka yi ƙarnoni suna karanta shi. Ta Latin lissafin Alkhawarizmi da sharhin Ibn Rushd suka shiga Turai, kuma a 1143 aka yi fassarar Alƙur'ani ta farko da wannan harshe. Bayanin da Hasan al-Wazzan ya rubuta kan Kano da Katsina da Zazzau da Gobir an buga shi da Italiyanci a 1550, aka fitar da shi da Latin a 1556, ya shiga ɗakunan karatun Turai. Mai binciken da yake son sanin yadda aka fahimci malamansa, ko yadda aka karkatar da maganarsu, dole ya iya karanta waɗannan fassarori da kansa. Jami'o'in Arewa masu sassan Larabci da tarihi da shari'a ba za su yi asara ba idan ɗaya daga cikinsu ta buɗe darasin zaɓi na Latin ga ɗaliban digiri na biyu.

Ƙalubale na ƙarshe shi ne kuɗi da ma'aikata. Dayosis da ke fama da gina azuzuwa da asibitoci da biyan katikis, a yankin da Fada ɗaya yake zagaya ƙauyuka da yawa a kan babur, tana da hujjar cewa wannan ba shi ne gaba ba. Amma abin da ake nema ba shi da yawa. Babbar makarantar horar da fadanni ta Agustin tana nan a Jos tun 1967, tana karɓar ɗalibai daga dayosis-dayosis na Arewa. Idan lardin Jos da lardin Kaduna suka haɗa kai da Maraɗi, kowace dayosis ta ware mutum ɗaya mai kunnen Hausa, ko Fada ne ko Sista ko malamin makaranta, a ba shi shekarun da zai ƙware a Latin, a Ibadan ko a Rum, za a sami kwamitin fassara na dindindin. A zaunar da su tare da masana Hausa na jami'o'inmu, da katikis-katikis da shugabannin Zumuntar Mata waɗanda su ne suka san abin da kunnen jama'a yake karɓa, a riƙa karanta kowace addu'a da babbar murya a gabansu kafin a kai ta maɗaba'a. Aikin farko da ya kamata a ɗora musu shi ne su ɗauki addu'o'in Lahadi na shekara guda, su jera Latin da Hausar da ake amfani da ita yanzu gefe da gefe, su buga abin da suka gano domin kowa ya gani.